Ma'anar kalmar "vision" da yadda ake amfani da ita

Kalmar "vision" tana cikin kalmomin Turancin da mai jin Hausa yake cin karo da su a wuraren da ba su da dangantaka da juna: a takardar likitan ido, a allon ƙofar makaranta ko banki, a bakin ɗan takara lokacin yaƙin neman zaɓe, da kuma a sunayen tsare-tsaren gwamnati. Masu fassara da yawa sun saba mayar da ita "hangen nesa" a duk inda suka tarar da ita, alhali kuwa hangen nesa ɗaya ne kawai daga cikin ma'anoninta, kuma shi ne ƙaraminsu a shekaru.

Asalinta daga Latinanci ne, daga "visio", wadda ita ma ta fito daga aikatau "videre", wato gani. Ta shiga Turanci ta hanyar tsohon Faransanci wajen ƙarni na 13. Hausa ta daɗe da ɗaukar 'yan uwanta ba tare da an lura ba, domin "bijin" ɗin da ke ƙarshen talabijin wannan kalmar ce, bakin Bahaushe ya mayar da harafin farko "b" tun da ba shi da irin sautin. Bidiyo da biza su ma daga tushen suka fito.

Ma'anarta ta zahiri ita ce gani, wato aikin ido da ƙarfinsa. A nan tana kusa da "sight", sai dai "vision" ta fi yawa a bakin likitoci da rubutun kimiyya. Idan likita ya rubuta "blurred vision", yana nufin mutum yana gani dishi-dishi, kamar yadda kan faru ga mai yanar ido; "double vision" kuwa ganin abu ɗaya ya zama biyu ne. Wanda ya taɓa zuwa gwajin ido ya san allon nan mai babban baƙi a sama, baƙaƙen suna ƙanƙancewa har zuwa layin ƙasa. Wani likitan ido ɗan ƙasar Holan, Herman Snellen, shi ne ya ƙirƙiro shi a 1862, kuma daga gare shi aka samu furucin "20/20 vision". Lambar farko ita ce tazarar da ke tsakanin mutum da allon, wato ƙafa 20, ta biyu kuma tazarar da lafiyayyen ido yake iya karanta wannan layin. A ƙasashen da ake awo da mita, 6/6 ake rubutawa, ma'anar duk ɗaya ce. Saboda haka wanda aka rubuta wa 6/60 sai ya matso mita 6 kafin ya karanta abin da mai lafiyar ido zai karanta daga mita 60, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa mutum cikin makafi idan ganin idonsa mafi lafiya bai kai 3/60 ba. Mutane kan ɗauka 20/20 cikar gani ce, amma ba haka ba ne: matsakaicin gani ne na lafiya, akwai masu wuce shi, kuma bai ce komai ba game da ganin gefe, ko bambance launuka, ko dundumi.

Ma'ana ta biyu, wadda ita ce ta fara shiga Turanci, ita ce abin da aka nuna wa mutum a mafarki ko a wani hali na ruhi, ba da idon zahiri ba. Hausa tana da "ru'ya" da ta aro daga Larabci, tana kuma da "wahayi". Wajibi ne mai fassara ya yi hattara da ta biyun, domin a wurin Musulmi wahayi na annabawa ne kaɗai, don haka idan Bature ya ce wani marubuci ko mai zane ya ga "vision", ba za a ce an yi masa wahayi ba sai dai a zolaya.

Ta ukun ita ce ta cika kunnuwa a yau: iya tsinkayar abin da bai zo ba tukuna, da shirya masa tun da wuri. Idan aka ce shugaba "a man of vision" ne, to mai hangen nesa ake nufi, kuma fassarar ta zauna daram. Matsalar tana ɓullowa ne lokacin da kalmar ta zama sunan takarda. A 1991 Mahathir Mohamad, Firayim Ministan Malesiya na lokacin, ya gabatar da Wawasan 2020 a ƙasarsa, shirin da aka sani da Vision 2020 a Turance. A Najeriya, Janar Sani Abacha ya kafa kwamitin Vision 2010 a 1996 ƙarƙashin Cif Ernest Shonekan, daga baya kuma aka fito da Vision 20:2020, wanda burinsa shi ne ƙasar ta shiga sahun ƙasashe 20 mafiya ƙarfin tattalin arziki a duniya kafin shekarar 2020. Kenya ta ƙaddamar da Vision 2030 a 2008, Saudiyya ma ta bayyana tata Vision 2030 a watan Afrilun 2016, da nufin rage dogaro da man fetur. A duk waɗannan, abin da ake nufi shi ne buri ko muradi da aka rubuta aka sa masa wa'adi. Kiransa "hangen nesa" yabo ne da mai fassara ya bayar kyauta tun kafin a ga aiki, domin a Hausa ba a ce wa mutum mai hangen nesa sai abin da ya hango ya tabbata, ko ya ɗauki hanyar tabbata. Shekarar 2020 ta zo ta wuce Najeriya ba ta shiga sahun 20 ɗin ba. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne. A ganina "Burin 2030" ko "Muradun 2030" sun fi gaskiya, sun kuma fi sauƙi a kunne.

Daga siyasa kalmar ta gangaro zuwa kamfanoni, makarantu da ƙungiyoyi, inda ake jera "vision" da "mission" a allo ɗaya, har masu rubuta su sukan kasa bambance su. Bambancin kuwa ba mai wuya ba ne: ta farko tana faɗin inda ake fatan isa, ta biyu tana faɗin aikin da aka kafu dominsa. Makarantar da ta ce tana son ta zama zakaran gwajin dafi a jiharta ta faɗi burinta ne. Idan ta ce tana koyar da yara ilimin zamani da na addini cikin tarbiyya, manufarta ta faɗa.

Akwai kuma siffar "visionary", wadda ke da fuska biyu. Yawanci yabo ce ga mai tunanin da ya riga zamaninsa, amma a tsohon Turanci, har ma a wasu rubuce-rubucen yau, tana nufin mai mafarkin ido biyu, wanda shirinsa ba zai aikatu ba. Haka nan "tunnel vision": a asibiti tana nufin ganin gefe ya tafi ya bar na tsakiya kawai, kamar yadda hawan jinin ido kan yi idan ya yi nisa, a zancen yau da kullum kuwa kalmar kushe ce ga wanda ya kafe a kan abu ɗaya ya ƙi duban sauran. Masana kwamfuta ma sun ɗauke ta, suna kiran fasahar da ke sa na'ura ta gane fuska ko lambar mota daga hoto "computer vision".

Wani lokaci Turawa da gangan suke haɗa ma'anoni biyu a wuri ɗaya. A 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da haɗin gwiwar ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai yaƙi da makanta, ta ƙaddamar da shirin VISION 2020 domin kawar da makantar da ake iya kauce wa. Sunan yana nuni da ganin ido, da awon 20/20, da kuma burin da aka sa wa wa'adin 2020, duk a lokaci guda. Babu kalmar Hausa guda da za ta ɗauki ukun, saboda haka abin da ya fi dacewa shi ne a bar sunan yadda yake, a biyo shi da bayanin cewa shiri ne na ceto ganin al'umma kafin shekarar 2020.