Kifin bas da sandar fatsarsa: abin da ya sa wasu Amurkawa ke haɗa tasu da hannu

A Amurka akwai kifin da ake kashe wa kuɗin da ya ninka kuɗin namansa sau ba adadi, a kama shi, a auna, a ɗauki hoto, a mayar da shi ruwa. Shi ne kifin bas. Ga wasu tambayoyi a kan kayan kama shi, musamman sandar fatsa da masu sha'awa ke haɗawa a gida.

Wane irin kifi ne, da har ake wannan rububi a kansa?

Kifin ruwan daɗi ne, ɗan asalin Amurka ta Arewa. Iri biyu suka fi suna: mai babban baki, wanda ke son ruwa mai ɗumi da ciyayi da kututturan da ruwa ya shanye, da mai ƙaramin baki, wanda ya fi zama a ruwa mai sanyi da duwatsu. Mafarauci ne irin giwan ruwa, sai dai bai kai ta girma ba ko kusa. Mai kilo 2 ma abin nunawa ne. Mafi girma da aka amince da shi a hukumance shi ne wanda George Perry ya kama a tafkin Montgomery na jihar Jojiya ranar 2 ga Yunin 1932, mai nauyin kilo 10.09. Sai a 2009 Manabu Kurita ya kama mai kilo 10.12 a tafkin Biwa na Japan. Da yake ratar ba ta kai wadda dokar IGFA, hukumar da ke ajiye tarihin manyan kifayen da aka kama a duniya, ta gindaya ba, aka ce sun yi kunnen doki.

Abin da ya ja masa farin jini halinsa ne. Yana laɓewa ya jira, in abu ya gifta ya buɗe baki ya zuƙe shi tare da ruwa, kuma ba ya tsayawa dogon bincike. Ƙaramin kifi, kwaɗo, ƙaguwa, ƙwaro, duk nasa ne. In ƙugiya ta kama shi sai ya yi tsalle sama da ruwa yana girgiza kai don ya yar da ita. Wannan tsallen ne mutane ke biya.

To in ba don ci ba, don me ake kama shi?

Don nishaɗi da gasa. Da can ana ci, yanzu ma wasu suna ci, amma al'adar ta sauya ne ta hannun wani mai sayar da inshora a Alabama, Ray Scott. Ya shirya gasarsa ta farko a tafkin Beaver na Akansas a 1967, ya kafa ƙungiyar masu kamun bas ta B.A.S.S. a 1968, sannan a 1971 aka yi babbar gasar Bassmaster Classic ta farko a tafkin Mead, inda Bobby Murray ya lashe dala 10,000. Daga 1972 Scott ya fara matsa wa 'yan gasa su kawo kifinsu da rai a sake shi. Shi ya sa jiragen kamun bas ke da wani akwati mai ruwa da iska da ake ajiye kifin a ciki. A tsarin gasar da aka saba, mutum yana kawo kifi 5 mafi girma a yini, kuma wanda ya mutu ana rage masa maki a kansa.

Me ake sa wa a ƙugiya?

Yawanci abincin bogi, kuma duk sauran bayanin kayan nan daga nan ya taso. Tana mai rai tana motsi da kanta, tana da ƙanshi, kifi ya haɗiye ya zauna da ita. Ta roba kuwa ba ta da rai sai wanda hannun mai fatsa ya ba ta, kuma in kifin ya ji ba abinci ba ne yana iya tofar da ita nan take. Dole ne mutum ya ji taɓawar a hannunsa, ya fizga kafin a tofar.

Abincin bogin nan kashi-kashi ne. Akwai tanar roba mai laushi, wadda Nick Creme ya fara zubawa a Akron ta jihar Ohayo a 1949. Yadda aka fi ɗaura ta shi ne salon Tekzas: a zura darma mai siffar harsashi a zare, a soka ƙugiya a kan tanar, sannan a mayar da tsinin ƙugiyar cikin jikin robar. Da haka za ta ratsa ciyayi da rassa ba ta maƙale ba, kuma can ne kifin yake. Akwai ƙananan kifayen katako ko roba mai tauri masu wani leɓe a gaba, wanda ke sa su nutse suna karkaɗa idan ana jan su. Tsawon leɓen ne ke nuna zurfin da za su kai. Lauri Rapala, wani masunci ɗan Finlan, ya sassaƙa nasa na farko a 1936, kamfanin da ya kafa kuma har yau yana ɗauke da sunansa. Akwai masu faranti mai juyawa yana walƙiya, da masu tafiya a saman ruwa irin kwaɗon roba. Kowannensu da irin sandar da yake so, abin da masu kanti ba sa baƙin ciki da shi.

Sanda ba sanda ba ce? Mene ne bambancin?

Abu biyu ake rubutawa a jikinta bayan tsawo. Na farko ƙarfi, wato nauyin da ake buƙata kafin ta lanƙwasa. Na biyu wurin da take lanƙwasawa: wata daga can ƙarshe kaɗai take sunkuyawa sauran jikin yana tsaye, wata kuma tana lanƙwasa har tsakiya. Mai tanar roba yana son ta farko, domin ƙugiyarsa guda ce mai kauri, a ɓoye cikin roba, sai an fizga da ƙarfi take shiga bakin kifi. Mai kifin katako yana son ta biyu. Ƙugiyoyinsa ƙanana ne masu baki uku-uku, sanda mai tauri za ta yage su daga leɓen kifin idan ya yi tsalle, mai laushi kuwa tana bin sa a hankali. Wanda zai sayi guda ɗaya tak, yawanci ana ba shi shawarar mai tsawon ƙafa 7, mai matsakaicin ƙarfi da ya ɗan karkata zuwa tauri.

Da can da gora ake yin sandar, ko da ƙarfe, sai kamfanin Shakespeare ya fito da ta zaren gilashi a ƙarshen shekarun 1940, Fenwick kuma ya kawo ta zaren kabon a 1973. Ta kabon ta fi rashin nauyi, kuma ta fi isar da motsi zuwa hannu. Aibinta saurin karyewa. Ƙofar mota ta kashe irinta da yawa fiye da yadda kifi ya kashe. Ta gilashi ba ta mutu ba, masu kifin katako har yanzu suna nemanta saboda laushinta.

Injin naɗe zaren da zaren kansa fa?

Inji iri biyu ne. Mai rataye a ƙasan sanda ya fi sauƙin koyo, ya kuma dace da ƙananan kaya marasa nauyi. Mai zama a saman sanda, irin Ambassadeur 5000 da kamfanin ABU na Suwidin ya fitar a farkon shekarun 1950, ya fi ƙarfi da saiti, amma ƙwaryar zarensa tana juyawa yayin jifa, in babban yatsa bai tare ta a kan lokaci ba zaren ya cukurkuɗe. Lambar da ake gani a jikinsa, misali 7.1:1, tana nufin in an murɗa hannu sau ɗaya ƙwaryar ta juya sau 7.1.

Zare kuma uku ne. Na lailon yana da arha, yana miƙewa, ba ya saurin nutsewa. Na fulorokabon, wanda kamfanin Kureha na Japan ya fara sayarwa a 1971, yana nutsewa kuma ba ya fitowa sosai a ruwa. Na saƙa siriri ne mai ƙarfi, kusan ba ya miƙewa, shi ake jawo kifi da shi daga cikin ciyayi masu kauri.

Tunda kantuna cike suke da sanduna, me zai sa mutum ya haɗa tasa?

Bambancin ɗinkin tela ne da rigar kanti. Kamfani yana yin mariƙi mai tsawo ɗaya don kowa da kowa, ya jera zobban da zare ke bi a tazarar da ya tsara sau ɗaya don dubban sanduna. Mai haɗa tasa yana auna mariƙin da tsawon damtsensa, ya zaɓi zobban da suka dace da injin da zai ɗora da zaren da zai yi aiki da shi, ya daidaita nauyin don kada kan sandar ya riƙa rinjayar wuyan hannu. Mutumin da zai wuni yana jifa ya san darajar wannan. Wasu kuma ado suke so, su saƙa zare kala-kala a gindin sandar, su rubuta suna. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin Mud Hole a jihar Filorida, suna sayar da kayan haɗin suna kuma koyarwa.

Yaya ake haɗa ta?

Ba a ƙera jikin sandar a gida, saye ake yi tsirara, ba mariƙi ba zobba. A masana'anta ana yanka shimfiɗar zaren kabon da aka jiƙa da gam, a naɗe ta a jikin wani siririn ƙarfe mai tsini, a gasa a tanda, a zare ƙarfen. Saboda naɗin ba ya zuwa daidai ta kowane gefe, kowace sanda tana da ɓangaren da ta fi son lanƙwasawa. Mai haɗawar zai jingina gindinta a ƙasa, ya danna tsakiya yana mirgina ta har ta yi tsalle ta zauna a wannan ɓangaren, ya sa alama. An daɗe ana koyar da cewa a kan wannan layin ake jera zobba. Wasu ƙwararru sun ce ba shi da tasirin da ake ba shi, gara a bi layin da sandar ta fi miƙewa. Ni na fi karkata ga na biyun, don sanda mai karkataccen kai tana damun ido da hannu kullum.

Daga nan sai mariƙi. Ana yin sa da soso mai tauri, ko zaren kabon, ko ɓawon itacen nan mai laushi da ake toshe bakin kwalba da shi, wanda Fotugal ke samar da kusan rabin na duniya. Ana rarake ramin cikinsa kaɗan-kaɗan har ya shiga jikin sandar daidai, a manne shi da mazaunin inji da gam mai haɗi biyu.

Zobba su ne wurin da gwaninta take. Akan sa kusan ɗaya ga kowace ƙafa ta tsawo, da ƙarin ɗaya ko biyu, da na can tsini. Ba a ɗaure su nan da nan. Ana liƙa su da salatif tukuna, a ɗora inji, a zura zare, a lanƙwasa sandar a duba. In zaren ya taɓa jikinta, ko ya yi kwana mai kaifi tsakanin zobe da zobe, a matsar. In sun yi kaɗan nauyi zai taru a wuri ɗaya sandar ta karye nan. In sun yi yawa sun ƙara nauyi a banza. Wasu ma, a sandar da injinta ke sama, suna jera zobban su zagaya a hankali su koma ƙasan sanda, don kada ta riƙa murɗewa a hannu idan kifi ya ja. Kallonta ba daɗi, amma dabarar tana aiki. Zobban kamfanin Fuji na Japan, masu da'irar tangaran a ciki don kada zare ya ci ƙarfe, su ne aka fi sani.

In tazara ta yi, sai a goge ƙafar kowane zobe da magagari ta yi siriri, a naɗe ta da zaren lailon, zagaye kusa da zagaye ba gibi ba hawa kan juna. Ba a ƙulli. Kusa da ƙarshe ana shimfiɗa wani ɗan madauki a naɗe a kansa, a zura bakin zaren a ciki a jawo shi ƙarƙashin naɗin, a yanke da reza. Sannan a shafe naɗin da gam mai haske, wanda ake auna ɓangarorinsa biyu daidai wa daida da sirinji. In awon ya kuskure, gam ɗin zai yi ta danƙo ba zai bushe ba. Ana ɗora sandar a kan ƙaramin inji mai juya ta a hankali na sa'o'i, don kada gam ɗin ya taru ta ƙasa. Sababbin hannu sukan lafta gam da yawa don ya yi sheƙi, alhali duk abin da aka ƙara kusa da tsini yana rage jin da aka sayi sandar dominsa.

Ta fi arha? Ta fi kama kifi?

Sandar farko da mutum ya haɗa ba ta fi arha ba, tunda sai an sayi kayan aiki. A sanduna masu sauƙin kuɗi ma kamfani ba ya kamuwa. Sandar kanti mai suna Ugly Stik da ta fito a 1976 har yau tana kama kifi a hannun yara da manya. Riba tana fara bayyana ne idan aka kai ga masu tsada. Batun kama kifi kuwa, sanda ba ta nemo wa kowa inda yake. Tana dai rage gajiya, tana kuma sa a ji ƙaramar taɓawa.

Wanda zai mayar da abin sana'a a Amurka akwai haraji a kansa. Dokar Dingell-Johnson ta 1950 ta ɗora kashi 10 cikin 100 a kan kayan kamun kifi, ana raba kuɗin ga jihohi don kula da ruwaye da kifayen ciki. A kan sanda harajin ba ya wuce dala 10, kuma mai haɗawa a gida ya sayar shi ma yana biya.

Ko'ina ake maraba da kifin nan?

A'a. An kai shi Japan a 1925, aka zuba a tafkin Ashi, daga baya ya bazu ya cinye ƙananan kifayen ƙasar. A 2005 gwamnati ta sa shi cikin jerin baƙin halittu masu ɓarna, ta hana safararsa da rai. A tafkin Biwa, inda Kurita ya kama nasa, dokar lardin Shiga ta hana mayar da shi ruwa bayan an kama, har akwai akwatunan da aka ajiye a bakin tafkin don a zuba shi. Duk da haka kamfanonin Japan irin Shimano da Daiwa suna cikin manyan masu ƙera injinan da ake kama shi da su a Amurka.