Ba kowane bishop ne aka hana wa aure ba

Mutane da yawa sun daɗe suna ɗauka cewa duk wanda ya zama bishop, wato shugaban limaman coci na wani yanki, ya yi ban kwana da aure, wataƙila saboda doguwar riga da gicciye da zoben da bishop-bishop na majami'u daban-daban suke sakawa sun yi kama da juna. Amma dokar ba ɗaya ba ce. A cocin Katolika ne ƙa'idar rashin aure ta fi ƙarfi, kuma taron shugabannin coci na Lateran na 1139 ya tabbatar da cewa auren da limami ya ɗaura bayan naɗi bai inganta ba. A majami'un Otodoks kuwa, magidanci yana iya zama limami, sai dai ba a naɗa shi bishop yana tare da iyali, bisa hukuncin taron shugabannin coci na Trullo na 692.

Cocin Angilika ba ta da wannan sharaɗi. Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da aka naɗa bishop a Canterbury ta Ingila a 1864, magidanci ne, har ɗansa Dandeson ya zama babban limami. Shi kuwa zoben da ke rikita jama'a, alama ce ta alkawarin bishop da majami'ar da yake shugabanta.