Joki: mahayin da ba shi da doki

Daren wata Alhamis, bayan an tashi daga kasuwar Maigatari, muna zaune a teburin mai shayi sai wani yaro ya miƙo wa kawuna waya. Bidiyon wani Bature ne ɗan firit da ya ci tsere. An jawo dokin tsakiyar jama'a, sai ya miƙe a kan likkafa ya daka tsalle sama, hannuwa a ware, ya diro ƙasa, filin ya kaure da sowa. Kawu ya fi shekara talatin yana kiwon dawaki a bargar wani attajiri, don haka tsallen bai ɗauke masa hankali ba, ƙafafun dokin yake kallo. Da bidiyon ya ƙare sai ya ce, "Dokin nasa ne?" Yaron ya ce, "A'a Baba, ai joki ne." Kawu ya mayar masa da wayarsa ya ce, "To, Allah ya sa yana tanadi."

Kalmar joki ta zauna a bakin masu bin sukuwa, har yaran ƙauye sun iya ta, amma da yawa sun ɗauka kowane gwanin hawa joki ne. Ba haka ba ne. Hakimin da ya fito hawan sallah da alkyabba da jalala mahayi ne. Samarin da ke kilisa da yamma a bayan gari, ko abokan ango masu zamiya a ƙofar gida, duk mahaya ne. Joki kuwa shi ne wanda hawan tsere ya zame masa sana'a, ana ɗora shi a kan dokin wani don ya ciwo wa mai dokin kofi, a biya shi ladansa. Daga Turanci muka aro kalmar. Su kuma sun samo ta ne daga Jock, lakabin da mutanen Sikotilan ke yi wa mai suna John, har ya zama abin kiran kowane yaron talaka, daga baya ya maƙale wa yaran da ake haya su hau dawakin masu kuɗi. Ka ga tun daga tushenta akwai ƙanshin barantaka a jikin kalmar.

A ƙasashen da tseren dawaki ya zama babbar harka, mutum uku ne ke kan doki guda. Akwai mai shi, wanda ya zuba kuɗinsa. Akwai mai horarwa, wanda ya san cin dokin da shansa da ranar da ya kamata ya fita. Sai joki, wanda sau da yawa ba ya ganin dokin sai ana saura 'yan mintoci a tashi. Ana ba shi kuɗin hawa ko ya ci ko bai ci ba, in kuma ya ci yana da ɗan kaso a cikin kyautar, wanda bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba. Da an sauka, doki ya koma bargar ubangidansa, shi kuma ya saɓa sirdinsa ya jira wani kiran.

Sirdin ma abin kallo ne. Wanda ya saba da sirdinmu mai kwacciya gaba da baya zai ɗauka wasan yara ne, don ɗan faifai ne kawai na fata, likkafunsa a ɗage can sama. Joki ba ya zama, tsugunno yake yi a kan yatsun ƙafa, gwiwa a naɗe, ƙirji a kan wuyan doki, dabbar da ta kai kilo 500 tana sheƙa gudun kilomita 60 a awa. Wani Ba'amurke, Tod Sloan, shi ya yaɗa wannan salon a Ingila daga 1897. Da farko dariya aka yi masa, aka ce hawan biri yake yi, da aka ga yana ta lashe tsere sai kowa ya ɗage likkafarsa.

Babban abokin gabar joki shi ne sikeli. Akasarinsu nauyinsu tsakanin kilo 50 ne zuwa 55, wato buhun siminti ɗaya da ɗan ɗori. Kafin tsere ana auna shi rungume da sirdinsa, in bai kai nauyin da aka yanka wa dokin ba a cika da dalma, bayan an dawo a sake auna shi. Rashin nauyi yana da magani ke nan, amma ƙiba ba ta da shi sai yunwa. Mutum ne da gemunsa da iyalinsa, amma dole ya riƙe jikin ɗan shekara goma sha huɗu. Wasu kan wuni a kan kofin shayi, wasu su shiga ɗakin zafi su matse gumi kafin awo, har sai da hukumar tsere ta Birtaniya ta rufe irin waɗannan ɗakuna a filayenta a 2021 saboda illar da suke yi wa lafiya. Ni wannan ne ya fi ba ni tausayi a sana'ar, fiye ma da karaya, domin karaya takan warke, ita kuwa yunwar kullum ce.

Yadda tauraron joki ke dushewa ya bambanta da na ɗan dambe ko ɗan ƙwallo. Ɗan dambe in ƙarfinsa ya ƙare kowa zai gani a fage. Shi joki yana iya zama da ƙwarewarsa cif, amma a daina kiransa. Ya faɗi tsere biyu ko uku da ake ganin nasa ne, masu dawaki su fara raɗe-raɗin hannunsa ya yi sanyi, sai a ɗauke shi daga kan ingarman barga a ba wani yaro. Yanzu sai kwashe-kwashen dawakin da ba sa ci, rashin cin kuma ya zama hujjar cewa da ma an faɗa. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma duk gwanintar mutum ba zai sauka ya ɗauki doki a ka ya kai shi gaba ba.

Steve Cauthen ya ɗanɗana wannan tun yana yaro. A 1977 ya ci tsere 487 a Amurka, a 1978 yana ɗan shekara 18 ya haɗa manyan kofuna uku na ƙasar a kan wani doki mai suna Affirmed. Shekara na zagayowa ya yi hawa 110 a jere bai ci ko ɗaya ba, ga jiki ya fara buɗewa. A 1979 ya tattara ya koma Ingila, inda ake yarda da nauyin da ya ɗan ɗara na Amurka. Can ya zama zakaran mahayan ƙasar sau uku, a 1984 da 1985 da 1987. Amma sikelin bai ƙyale shi ba, yana ɗan shekara 32 ya ajiye bulala.

Baturen da ya yi tsalle a wayar yaron nan kuwa Frankie Dettori ne, haifaffen Milan ta Italiya a 1970, ɗan gado, don mahaifinsa ma zakaran mahaya ne a ƙasarsu. Yana ɗan shekara 14 aka tura shi Newmarket a Ingila koyon aiki, ya fara daga sharar barga. A 1994 ya ci tsere 233. Ranar 28 ga Satumba 1996, a filin Ascot na Ingila, tsere bakwai aka yi, shi ya cinye su duka. Ya shekara 18 yana hawa wa bargar Godolphin ta Sarkin Dubai, Sheikh Mohammed bin Rashid Al Maktoum. Sannu a hankali aka kawo matasa aka fara ba su dawakin da a da nasa ne, a 2012 suka raba gari. A ƙarshen shekarar hukumar tsere ta Faransa ta dakatar da shi wata shida saboda an sami hodar iblis a jikinsa, laifin da ya amsa da bakinsa. A 2013 tsere 16 kacal ya ci a Birtaniya. Daga 233 zuwa 16, kuma hannun nan dai shi ne, idon nan shi ne.

Abin da ya tashe shi doki ne. Mai horarwa John Gosden ya ɗora shi a kan Golden Horn, suka ci babban tseren Ingila da ake kira Derby a 2015, sannan ga goɗiyar nan Enable da ya ci babban kofin Faransa da ita a 2017 da 2018. A 2022 suka sami saɓani da Gosden har aka ɗan jingine shi, ya ce zai yi ritaya a ƙarshen 2023. Da lokacin ya zo sai ya fasa, ya ce Kalifoniya zai koma. Gaskiya ita ce bai bar Ingila a ƙasa ba, don a ranarsa ta ban kwana a Ascot ya ci babban tseren ranar. Amma ya haura hamsin, kuma hawa a Birtaniya yawo ne, yau kana wannan fili gobe kana wancan, kullum a mota. A Amurka mutum kan zauna a fili ɗaya wata da watanni. A Afrilun 2024 ya ci tsere shida rana ɗaya a filin Santa Anita na Kalifoniya. A Maris ɗin 2025 kuma ya bayyana cewa ya yi karayar arziki saboda bashin haraji a Birtaniya. Da na ji labarin, addu'ar Kawu ce ta faɗo mini a rai, jikina ya yi sanyi.

Mu a nan ƙaurar joki ba baƙon abu ba ce a gare mu, cin rani ce. In damina ta ɗauke, matasanmu kan nufi Kano ko Legas, ba don hannunsu ya manta da fartanya ba, sai don gonar ta daina ba da aiki. Haka mahayan sukuwa ke ratsa iyaka tsakanin Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, duk inda aka sa gasa kuma akwai mai dokin da zai yarda da su. A baƙon wuri ba wanda ya riƙe lissafin faɗuwarka ta bara.

Akwai ɗan maƙwabcinmu da Kawu ya koya wa hawa tun bai kai ya taɓo likkafa ba. Shi ke hawan wani akawal a duk sukuwar da aka yi a yankinmu, in ya shigo gari yara na bin sa a baya. Yana cika shekara goma sha tara ƙashinsa ya buɗe. Na gan shi da idona da tsakar rana a watan bazara, sanye da rigar leda a ƙarƙashin rigar sanyi, yana zagaya fili da gudu don ya zubar da kilo biyu. Tuwon dare ya daina ci, mahaifiyarsa ta yi faɗa har ta gaji. Duk da haka ranar wata gasa aka miƙa linzamin akawal ɗin ga ƙaramin yaron da shi yake aika ɗebo harawa. Bai ce uffan ba, shi ya ɗaure wa yaron majayi, ya ɗaga shi ya ɗora, ya raɗa masa cewa kada ya saki dokin sai an sha kwanar ƙarshe.

Bayan sallah ya zo yi wa Kawu sallama, ya durƙusa ya ce, "Baba, zan leƙa Damagaram, an ce akwai mai neman mahayi." Kawu ya shiga ɗaki ya ɗauko tsohuwar bulalarsa ya ba shi, ya ce in ya isa ya fara duba ƙafafun dokin kafin ya yi cinikin lada.