Nutso uku na zaɓi a kwas na biyu: wanne za ka ɗauka?

Ƙanena da ke karatu a Masar ya zo hutu gida Tudun Wada da katin nutso na matakin farko a aljihu, yana shirin shiga mataki na biyu na PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso da tukunyar iska, idan ya koma. Da yake na riga shi shiga harkar, sai ya tsare ni da tambayoyi a zaure bayan sallar isha'i.

Yaya, nutso nawa ake yi, kuma guda nawa zan zaɓa da kaina?

Biyar ne. Biyu dole ne, wato nutson zurfi da na gane hanya da kamfas. Sauran ukun kai da malaminka za ku tsayar. Katinka na yanzu iyakarsa mita 18, wannan kuwa zai kai ka mita 30. A can matsin da ke kan jikinka ya ninka na saman ruwa sau huɗu, don haka iskar tukunyarka tana ƙarewa da sauri, kuma naitirojin da ke cikin iskar da kake shaƙa kan sa kan mutum ya yi nauyi kamar mai maye.

To da wanne zan fara?

Da na daidaita jiki a cikin ruwa, ko shakka babu. Samari suna raina shi don ba shi da labarin da za a ba abokai, amma shi ne gindin komai. A nan ake rage maka dalmar da ka ɗaura fiye da kima don ta nutsar da kai, a koya maka tsayawa cak a tsakiyar ruwa, ka ɗan tashi idan ka ja numfashi, ka ɗan sauka idan ka sake shi. Ranar da na yi nawa, malamin ya cire mini kilo biyu daga ɗamara. Na fito da sauran iska mai yawa, kuma ƙafata ba ta taɓa murjani ko sau ɗaya ba. Kafin nan yashi nake tayarwa har na bayana ba ya ganin gabansa.

Na dare fa?

Ɗauke shi. Ruwa yana shanye launi, ja ne yake fara ɓacewa tun a 'yan mitoci, amma da ka haska tocila sai dutsen da ka gani toka-toka da rana ya koma ja wur. Yana kuma koya wa mutum natsuwa.

Ni dai jirgin ruwan nan Thistlegorm nake so.

Na sani. Jiragen yaƙin Jamus ne suka nutsar da shi a Bahar Maliya a 1941, har yau babura da motoci suna cikinsa, a zurfin kusan mita 30. Sai dai nutson jirgi na wannan kwas kewaya shi ake yi ta waje, shiga ciki horo ne na daban. Wurin kuma akwai igiyar ruwa mai ƙarfi. Ka bari sai jikinka ya saba.

Na ɗaukar hoto?

Ba yanzu ba. Wanda bai iya tsayuwa ba, kyamara ƙarin kaya ce gare shi.

Idan na dawo Zariya, wanne zai yi mini amfani?

Na nema da ɗago abin da ya nutse. Ruwanmu na Kubanni da Galma ba garau yake kamar Bahar Maliya ba, da damina ma ba ka ganin tafin hannunka. Bin igiya da lalube bisa tsari su ne aikin a irin wannan ruwa. Amma ka ji ni da kyau, nutso ɗaya ba ya mayar da kai ma'aikacin ceto, kada wani ya tura ka neman wanda ruwa ya ci. Sannan duk ruwan da ya haura mita 300 daga matakin teku lissafin zurfi da lokacin nutsonsa daban ne, Zariya kuwa ta haura mita 600. Ka nemi malaminka ya nuna maka yadda ake saita kwamfutar nutso, na'urar da ke lissafa maka zurfi da lokaci, don haka.

Zan iya gamawa in hau jirgi washegari?

Bayan nutso da yawa a jere, ka jira aƙalla awa 18 kafin ka hau jirgin sama. Ka duba wannan tun kafin ka yanki tikiti.