Jarabar caca: mece ce ita, kuma yaya ake gane ta kama mutum?

Jarabar caca ita ce halin da mutum ke faɗawa idan linzamin caca ya kuɓuce daga hannunsa. Yana son ya daina, ya sha rantsuwa cewa daga yau ya bari, amma gari na wayewa sai ga shi ya koma, alhali yana ganin ɓarnar da take yi wa aljihunsa da sana'arsa da iyalinsa. Ba a auna ta da yawan kuɗin da aka zuba. Ɗan kabu-kabun unguwar Mabera a Sakkwato da ke tsakurar naira 500 kullum daga kuɗin da zai kai wa mai babur da yamma, ya kuma yi masa ƙarya cewa yau babu kasuwa, ya fi shiga haɗari a kan wanda ya taɓa zubar da dubu hamsin a dare ɗaya, ya ji zafi, bai sake waiwayar wurin ba.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da ɗaukar wannan hali a matsayin ciwo. Ƙungiyarsu ta Amurka ta shigar da shi littafinta na cututtuka tun 1980, sannan a 2013 ta haɗa shi rukuni ɗaya da shaye-shaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ma haka ta yi a sabon kundinta da ya fara aiki a Janairun 2022, har ta ware nau'in da ake yi ta intanet. Abubuwa uku take dubawa: mutum ya kasa tsayar da kansa a kan lokaci ko adadin kuɗi, caca ta ture sauran lamuran rayuwarsa gefe, kuma ya ci gaba ko ya ƙara ƙaimi duk da cutarwar da ke bayyana. Yawanci sai halin ya kai shekara guda kafin a tabbatar da shi, sai fa idan ya yi tsanani. Ƙiyasin hukumar shi ne kashi 1.2 cikin ɗari na manyan mutanen duniya suna ɗauke da wannan ciwo, kuma duk mutum ɗaya da ya yi nisa a ciki, wasu mutum shida na kusa da shi suna shan wahalarsa.

Musulmi ba zai yi mamakin haɗa caca da giya ba. Aya ta 219 a Suratul Baƙara tare ta ambace su, haka ayoyi na 90 da 91 a Suratul Ma'ida, inda aka fayyace abin da suke haifarwa: gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, da shagaltarwa daga ambaton Allah da salla. Wanda ya taɓa zama gida ɗaya da mai wannan jaraba ya ga waɗannan da idonsa.

To me ya sa ake buƙatar bayani a gari kamar Sakkwato, inda ko yaron makarantar allo ya san hukuncin caca? Saboda da yawa daga cikin masu yinta ba su yarda caca suke yi ba. A wurinsu ɗan caca shi ne mai karta, wanda ke ɓuya a kango ko bayan tasha, wanda ba a ba shi aure. Su kuwa "bet" suke bugawa. Ka zauna gidan kallon ƙwallo a Runjin Sambo ko Arkilla ranar da Arsenal ko Real Madrid ke wasa, za ka ga rabin samarin ido ɗaya na kan talabijin, ɗaya na kan waya. Ka yi wa ƙanenka magana, amsar da za ka ji ita ce, "Haba Yaya, ai wannan ba caca ba ce, sanin ƙwallo ne." Jihar ta rungumi shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, kuma a Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa jihohi ne ke da hurumin tsara harkar caca a cikin iyakokinsu. Hukuma na iya garƙame shago. Amma manhajojin bet irin su SportyBet da Bet9ja da 1xBet da BetKing suna cikin aljihun wandon yaro, ana tura musu kuɗi daga OPay ko PalmPay cikin daƙiƙu, ƙarfe biyu na dare, ba wanda ya gani. Kunyar idon jama'a, wadda a da take tare mutane da yawa, ba ta aiki a nan.

Batun sanin ƙwallo shi ne ya kamata a tsaya a kansa, domin lissafi ne, kuma lissafin ba a ɓoye yake ba. A ɗauki wasan da kowane ɓangare ke da rabin damar nasara. Da adalci za a yi, wanda ya sa naira 100 ya ci, naira 200 za a ba shi. Kamfani kuwa zai rubuta 1.90 a kowane ɓangare, wato naira 190 zai ba wanda ya sa 100 ya ci. Mutum biyu sun sa ɗari-ɗari, wannan a nan, wancan a can: kamfani ya karɓi 200, ya biya 190, ya riƙe 10, ko wace ƙungiya ta ci. Wato kashi 5 cikin ɗari nasa ne tun ba a busa usur ba. Sai kuma dogon tikiti, wanda samarinmu suka fi so saboda da naira ɗari ana hango dubbai. Idan ka jera irin wannan wasa guda goma a tikiti ɗaya, abin da za a biya ka a kan naira 100 kusan naira 61,300 ne. Amma damar dukkan goman su shigo ita ce ɗaya cikin 1,024. Ke nan a matsakaicin lissafi sai an kashe naira 102,400 kafin a ci 61,300 sau ɗaya. Rabon kamfani ya tashi daga kashi 5 zuwa kusan kashi 40. Duk wasan da ka ƙara a tikiti, ka ƙara masa rabo ne. Shi ya sa suke ba da garaɓasa ga mai dogon tikiti. Kuma duk abin da kai ka sani game da raunin ɗan wasa ko tarihin ƙungiya, ma'aikatansu da kwamfutocinsu sun riga sun sa shi cikin farashin.

Idan lissafi ya fito fili haka, me ke hana mai hankali tashi? A nan ne ciwon yake. Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna dofamin, wanda ke motsa sha'awa da ɗoki. Yana tashi sosai a lokacin jiran sakamakon da ba a tabbatar da shi ba, ba sai an ci ba. Bincike ya nuna cewa faɗuwar da ta yi kusa da ci tana motsa ƙwaƙwalwa kusan yadda cin kansa ke yi. Wannan ita ce maganar da aka fi ji a bakin masu bet: "Wallahi wasa ɗaya ne ya yanke min tikiti." Ya yi asarar kuɗinsa duka, amma zuciyarsa na gaya masa saura ƙiris, gobe zai dace. Wata hujja mai ƙarfi ta fito daga masu cutar karkarwa ta Parkinson: wasu daga cikinsu da aka ɗora kan magungunan da ke kwaikwayon dofamin sun tsunduma caca ba tare da sun taɓa yinta ba a baya, da aka rage maganin kuma abin ya lafa. Ban kawo wannan don wanke mai yi daga alhaki ba. Na kawo shi ne don iyaye su gane dalilin da ya sa zagi da gori kaɗai ba sa warkar da shi.

Sauri ma na ƙara masa ƙarfi. Mai jiran wasan Asabar yana da kwanaki na yin tunani. Wasannin kwamfuta da ake kira "virtual" cikin 'yan mintoci suke ƙarewa, wasan jirgin sama mai suna Aviator kuwa cikin daƙiƙu, kuma babu wani ilmin ƙwallo a cikinsu, na'ura ce ke fitar da sakamako. Wanda ya sauka daga bet ɗin ƙarshen mako ya koma waɗannan, a sa masa ido sosai.

Alamar da ta fi kowace nauyi a ganina ita ce bin asara. Mutum ya daina buga wasa don ya samu, ya koma bugawa don ya maido da abin da ya tafi. An cinye masa dubu biyar, sai ya sa goma don ya fanshe. Daga nan kuɗin da yake zubawa sun daina zama nasa: kuɗin ubangidansa na shago a Babbar Kasuwa, jarin POS, zubin adashin matarsa, kuɗin rajistar makaranta da Baba ya tura, bashin manhajojin ba da rance masu kuɗin ruwa da ke kiran duk lambobin da ke wayarsa idan ya kasa biya. Sai ƙarya ta biyo baya, domin dole a rufe ramin. Akwai gajeren gwaji na tambayoyi biyu da masana suka fitar a 1997, har yanzu ana amfani da shi. Ka taɓa jin dole sai ka riƙa ƙara yawan kuɗin da kake sawa? Ka taɓa yi wa wani mai muhimmanci a wurinka ƙarya game da nawa ka sa? Wanda ya amsa e ga ko da guda ɗaya, ya kamata a bincika lamarinsa da kyau.

Na gida su ne ke fara gani, ko da ba su san sunan abin ba. Cefane ya ragu ba tare da kasuwa ta canza ba. Waya ba ta barin hannu, an sa mata sabon makulli, ana juya baya idan za a duba ta. Ba barci sai tsakar dare, sallar asuba ta koma bayan fitowar rana. Yau fara'a da kyauta, gobe faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kaya na ɓacewa a ɗaki. Idan har ya fara cewa gara mutuwa da wannan rayuwa, ko cewa kowa zai huta idan ba shi, kada a ɗauka zancen baki ne. Tunanin kashe kai ya fi yawa a cikin masu wannan ciwo, kuma ranar ce ya kamata a kai shi asibiti.

Kamfanonin suna rubuta ƙaramin gargaɗi a ƙasan tallarsu, cewa a yi wasa da kula, kuma ban da 'yan ƙasa da shekara 18. Ni ina ganin wannan ɗora wa mai faɗuwa laifi ne, musamman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin ɗari na kuɗin da masana'antar ke samu daga aljihun masu cutuwa da ita yake fitowa. Duk da haka, wasu matakan suna da amfani ga mai neman fita. Kamfanoni da yawa suna da wurin da mutum zai sa iyakar kuɗin da zai iya turawa, ko ya nemi a rufe asusunsa na wani lokaci ko har abada. Iyaka tana iya taimakon wanda bai yi nisa ba, a matsayin matakin farko na bari. Wanda jarabar ta kama kuwa, shi da kansa zai ɗage ta da dare. Nasa maganin rufewa ne gaba ɗaya, tare da sa manhajar toshe shafukan caca irin su BetBlocker, wadda kyauta ce, da ficewa daga zaurukan Telegram da WhatsApp na masu sayar da "tabbataccen wasa". Wanda ke da tabbataccen wasa ba ya buƙatar dubu biyunka.

Matakin da ya fi wuya, ya kuma fi aiki, shi ne raba shi da kuɗi na wasu watanni. Katin banki da lambar sirri su koma hannun yaya ko mata ko kawu amintacce, a riƙa ba shi na buƙatar yini. Wannan ba ya yiwuwa sai ya faɗi gaskiya, kuma ba zai faɗa ba idan ya san tonon silili zai biyo baya. Uban da ya kira ɗansa gefe ya ce, "Zo nan, ɗana, gaya min nawa ne duka, kada ka rage ko sisi," ya fi samun gaskiya a kan wanda ya tara gida ya yi masa tofin Allah tsine. Malamin unguwa na da nasa aikin wajen tuba da ƙarfafa zuciya. Likita ma na da nasa: a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo akwai masu duba jaraba da ciwon damuwa, waɗanda sau da yawa tare suke tafiya. Zuwa Kware ba ya nufin hauka. Maganin da aka fi samun nasara da shi tattaunawa ce mai tsari, inda ake koya wa mutum gane tunanin da ke ja shi, irin su "yau ranata ce", da abin da zai yi idan sha'awar ta taso. Komawa sau ɗaya bayan an daina abu ne da ke faruwa, ba ya nufin aikin ya rushe.

Sai bashi. Kuskuren da dangi suka fi yi, cikin ƙauna da gudun abin kunya, shi ne Inna ta sayar da tunkiya ko sarƙa a biya komai a rana ɗaya, a yi shiru. Sau da yawa bayan 'yan watanni sabon bashi ya taru, domin abin da ya haifar da na farko yana nan. Abin da ya fi shi ne a zauna a rubuta duk wanda ke binsa da adadin kuɗinsa, a je wurinsu da dattijo ɗaya a nemi sassauci, a tsara biya kaɗan-kaɗan daga guminsa shi mai bashin. Idan dangi za su taimaka, su miƙa kuɗin kai tsaye ga mai bin bashin, kada su bi ta hannunsa ko ta asusunsa.