Fearless (fim ɗin 1993)

Fearless fim ne na ƙasar Amurka da kamfanin Warner Bros ya saki a watan Oktoban 1993. Peter Weir, ɗan ƙasar Ostireliya, shi ne daraktansa, Rafael Yglesias kuma ya tsara labarin daga littafinsa mai wannan suna. Jeff Bridges ne jarumin fim ɗin, tare da Rosie Perez, Isabella Rossellini, John Turturro, Tom Hulce da Benicio del Toro. Fim ɗin ya shafi halin da zuciya ke shiga bayan mutum ya fita da rai daga haɗarin jirgin sama. Ba shi da alaƙa da fim ɗin Jet Li na 2006 wanda suke suna ɗaya.

Labarin

Max Klein mai zanen gine-gine ne a San Francisco, mutumin da ya daɗe yana tsoron hawa jirgi. Sun taso da abokin kasuwancinsa, Jeff Gordon, za su je Houston, sai jirgin ya lalace a sama ya faɗi cikin gonar masara. Abokin ya mutu. Max ya fito ta cikin karan masara da jariri a hannu da wani yaro a bayansa, ya miƙa jaririn ga uwarsa, sannan ya sulale ba tare da ya ce wa kowa yana cikin jirgin ba. Ko gida bai kira ba. Ya ɗauki hayar mota ya je wurin wata tsohuwar budurwarsa, suka shiga gidan abinci, ya zauna ya ci 'ya'yan sitiroberi, alhali tun yana yaro jikinsa ba ya karɓarsu, cinsu na iya shaƙe shi. Ko gezau bai yi ba.

Da aka gano shi aka mai da shi gida, jaridu suka ɗauke shi gwarzo, waɗanda ya taimaka wa suka yi ta zuba masa godiya. A cikin gida kuwa matarsa Laura da ɗansu sun rasa gane kansa. Gani yake mutuwa ta riga ta wuce shi. Yakan tsallaka babban titi motoci na gudu ba waige, har akwai ranar da ya hau can ƙololuwar wani dogon bene ya tsaya a bakin katanga. Duk sanda tsoro ya fara dawo masa sai ya nemi wani haɗarin da zai kore shi.

Likitan ƙwaƙwalwa da kamfanin jirgin ya ɗauko, Dakta Bill Perlman, shi ya haɗa shi da Carla Rodrigo, wadda ɗanta ɗan shekara biyu ya mutu a haɗarin. Yaron yana kan cinyarta lokacin da jirgin ya daki ƙasa. Tun daga ranar ta shige ɗaki ta kwanta, ba ci ba magana, tana ganin ita ta sake shi, ita ta kashe shi. Mijinta Manny kuwa hankalinsa ya fi karkata ga kuɗin diyya.

Wurin da aka fi tunawa da fim ɗin yana nan. Da Carla ta fito fili ta faɗi laifin da take ɗora wa kanta, Max ya sa ta a kujerar bayan motarsa, ya ɗaure ta da bel, ya ɗora mata akwatin kayan aiki a ƙirji, ya ce ta rungume shi kamar ɗanta, da iya ƙarfinta. Ya taka mota ya nufi bango. Da suka yi karo, akwatin ya fizge daga hannunta ya fice ta gilashin gaba. Dukansu sun ƙare a asibiti, amma ta gani da idonta cewa babu hannun uwar da zai iya riƙe yaro a irin wannan bugu. Daga nan ta fara farfaɗowa, kuma ita ce ta yanke alaƙar da ke tsakaninsu, ta ce ya koma ga iyalinsa.

A ƙarshe Max ya sake cin sitiroberi, wannan karon numfashinsa ya sarƙe, ya faɗi. A cikin wannan suma ne ake nuna wa mai kallo faɗuwar jirgin dalla-dalla, abin da aka ɓoye tun farkon fim. Laura ta hura masa numfashi har ya dawo.

Tushensa

Labarin ƙirƙirarre ne, amma ya ɗauko abubuwa da yawa daga haɗarin jirgin United Airlines mai lamba 232, ƙirar DC-10, wanda ya faɗi a filin jirgin Sioux City na jihar Iowa ranar 19 ga Yuli, 1989. Injin da ke wutsiyarsa ne ya tarwatse ya yanke bututun man da ake sarrafa jirgin da shi, matuƙan suka koma juya shi da ƙara wa injinan fukafukai wuta da ragewa. Cikin mutum 296, 112 suka rasu, 184 suka tsira, wani ɓangaren jirgin kuma ya tsaya cikin gonar masara. Akwai ƙananan yara da ba su da kujerar kansu, ɗaya daga cikinsu ya mutu. Shugabar ma'aikatan cikin jirgin, Jan Brown, ta shafe shekaru tana fafutukar a wajabta wa jarirai kujera mai bel.

Abin da ya bambanta shi

Yawancin finafinan haɗarin jirgi kan ƙare ne a inda wannan ya fara. Weir bai damu da musabbabin haɗarin ko binciken hukuma ba. Ya nuna fuskoki biyu na ciwon firgicin da kan biyo bayan tashin hankali. Na Carla kowa ya gane shi, domin kuka ne da ƙunci da zargin kai. Na Max ya fi wuyar ganewa saboda ya zo da kamannin lafiya: fara'a, kwanciyar hankali, faɗin gaskiya ba sassauci. Fim ɗin bai yanke hukunci ko wayewar zuciya ya samu ko taɓuwa ba, kuma nan ƙarfinsa yake.

Gefen lauya Brillstein, wanda Tom Hulce ya fito a matsayinsa, ya zo da ɗan barkwanci mai ɗaci. So yake Max ya ƙara gishiri kan irin azabar da abokinsa ya sha kafin ya cika, don matar mamacin ta samu diyya mai tsoka. Wasan Hulce ya ɗan yi yawa idan aka gwada shi da natsuwar sauran.

Kiɗa, kasuwa da lambobin yabo

Maurice Jarre ne ya tsara kiɗan, Allen Daviau ya ɗauki hoto. A wurin faɗuwar jirgin an danne ƙarar ƙarfe da ihu aka ɗora wani sashe na kiɗan Henryk Górecki, ɗan ƙasar Poland, a wurin karon mota kuma aka sa waƙar ƙungiyar U2.

Fim ɗin bai yi kasuwa ba, abin da ya tara a gidajen kallo na Amurka bai wuce kimanin dala miliyan 7 ba. Masu sharhi kuwa sun yaba masa, kuma da yawansu na lissafa shi cikin mafi kyawun wasannin Jeff Bridges. An sa shi a gasar bikin finafinai na birnin Berlin a 1994. Rosie Perez ta shiga takarar lambar Oscar ta mataimakiyar jaruma a shekarar, amma Anna Paquin ce ta lashe. Weir bai sake fitar da wani fim ba sai 1998, da The Truman Show.