Gonar gado: a raba haƙƙi ba sai an yanka ƙasa ba

Aikina na malamin gona shi ne iri da taki da maganin ƙwari, amma rabin ƙorafin da nake ji a ƙauyuka ba na tsutsa ba ne, na gado ne. Sai ka je duba gonar da ka san ta shekaru tana ba da dawa dami ɗari, ka tarar an dasa gamba layi-layi ta tsakiya, an mayar da ita falle shida, biyu an shuka, biyu sun zama saura, biyu kuma an ce magana tana kotu. Mai gonar ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya tafi da duk abin da ya sani a cikinsa.

Bari in fara kawar da wani tsoro. Wasu sun ji a rediyo yadda manoman Birtaniya suka shiga Landan da taraktocinsu a ƙarshen 2024 suna zanga-zanga kan harajin gado. Can hukuma tana karɓar kashi 40 cikin 100 na abin da ya haura wani ƙayyadadden adadi a dukiyar mamaci, gonaki sun daɗe suna samun sassauci, sai gwamnati ta ce za ta rage sassaucin. Abin da suke tsoro shi ne 'ya'ya su sayar da wani yanki na gona don su biya hukuma. Mu a Nijeriya ba haka abin yake ba. An taɓa yin dokar haraji kan dukiyar da ta sauya hannu a 1979, aka soke ta a 1996. Akwai dai kuɗin da kotu ke karɓa idan aka kai mata rabo, ko idan ana neman takardar izinin fitar da kuɗin mamaci daga banki, kuma adadin ya danganta da jiha. Amma gonar da nake gani tana narkewa ba hukuma ce ta cinye ta ba. Shiru ne ya cinye ta, da jan ƙafa, da "ai kowa ya sani".

Mu yi lissafi kaɗan, don shi ne zai nuna inda gizo ke saƙa. A ɗauka mutum ya rasu ya bar gona hekta 4, da mata biyu, da 'ya'ya maza uku da mata huɗu, iyayensa kuma sun riga shi. Matan suna da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, rabin hekta ke nan su raba biyu. Saura hekta uku da rabi. Namiji yana da rabon mace biyu, don haka za a kasa goma: kowace 'ya ta tashi da hekta 0.35, kowane ɗa 0.7. Gona ɗaya ta zama tara. Idan ɗaya daga cikin 'ya'yan nan maza ya rasu nan da shekara ashirin ya bar iyali kamar na mahaifinsa, abin da zai faɗa hannun jikanya ɗaya bai kai wurin da shanun huɗa za su juya da garma ba.

Kada a ji ni ba daidai ba. Rabon da ke cikin Suratun Nisa'i ba abin gyara ba ne, kuma ba shi nake kuka da shi ba. Abin da shari'a ta yanke shi ne haƙƙin kowa. Ba ta ce lallai sai an ɗauko igiya an tsaga gonar ba. Magada baligai masu hankali, bayan kowa ya san kasonsa sarai, suna iya yarda su bar ƙasar a haɗe, a noma tare, a raba amfani gwargwadon kason kowa. Suna iya ba ɗaya daga cikinsu haya ya riƙa biyan sauran duk kaka. Wanda yake birni, ba ya da niyyar komawa noma, ana iya yi wa kasonsa kuɗi a biya shi ya fita, malamai suna da babin wannan sulhu. Idan mamaci ya bar gona da gida da shanu da shago, ana iya yi wa komai ƙima, wani ya ɗauki gona, wani ya ɗauki shanu, a cika wa wanda nasa ya gaza. Akwai kuma shufu'a: muddin ba a raba ƙasar ba, idan ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, abokan tarayyarsa sun fi cancanta su karɓa a kan kuɗin da aka saya. Mutane da yawa ba su san suna da wannan haƙƙi ba sai mai saye ya riga ya zuba bulo.

Amma sharaɗin shi ne "bayan kowa ya san kasonsa". A nan ne ake cutar mata. Sau nawa na ji ana cewa, "Ke da kike gidan miji me za ki yi da gona? Bar ta wurin Yaya." Sai ta bari don kunya. Shekarar farko a aiko mata da buhu guda, ta biyu a aiko da tiya biyar, ta uku a ce damina ba ta yi kyau ba. Ranar da Yaya ya rasu, 'ya'yansa sun tashi sun ga ubansu yana noma wurin tun suna goye, wa zai gaya musu cewa akwai kason gwaggo a ciki? Idan Yaya zai riƙe, ya riƙe, amma a auna wurin, a rubuta cewa na wance ne, aro ne ko haya, kuma ga abin da za a ba ta. Wannan ba rashin yarda da ɗan'uwa ba ne. Takardar ba don shi aka yi ta ba, don 'ya'yansa ne da nata.

To, Baba, kai da kake raye yanzu, me ya rage naka?

Na farko da na fi matsa wa dattawa a kai shi ne a fitar da abin da ba naka ba. Kafin a raba gado sai an yi hidimar jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya, sannan magada. Kuma ba duk abin da ke hannun mutum ne nasa ba. A cikin garken nan akwai tunkiyar uwargida da ta haifi tumaki bakwai. Akwai saniyar da amarya ta saya da kuɗin ƙuli-ƙulinta. Akwai gayaunar da ka ba babban ɗanka tun kafin ya yi aure: kyauta ce ko aro? Akwai fadamar da kake nomawa shekara goma sha biyar wadda a gaskiya jingina ce, mai ita ya karɓi kuɗi ya tafi kudu bai dawo ba. Akwai kuma taka gonar da ka jinginar can bayan rafi, wadda in ba ka faɗa ba, ta tafi ke nan. Har itatuwa: a wurare da yawa ɗorawa ko kuka ko mangwaro suna da mai su daban da mai ƙasar. Ragowar sadakin da ba ka cika ba bashi ne. Takin da ka karɓa za ka biya da kaka bashi ne. Duk wannan yana kanka kai kaɗai, kuma kai ba dawwama za ka yi ba.

Na san abin da ke hana mutane. Ana ganin maganar kamar kiran mutuwa ce, ɗa kuma ba zai iya buɗe baki ya ce wa mahaifinsa "Baba, a rubuta" ba, sai a ce ya ƙosa. Shi ya sa nake cewa uban ne zai fara. Ai hadisi ya zo cewa bai kamata Musulmin da yake da abin da zai yi wasiyya a kai ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa ba. Rubutu bai taɓa kashe kowa ba, da ajami ne ko da boko.

Wasiyya kuwa tana da iyaka, kuma nan ma ana yawan kuskure. Ba ta wuce sulusin dukiya, wato kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yi wa magaji, sai in sauran magada sun amince. Don haka cewa "in na mutu gonar fadama ta auta ce" ba ta zaunar da komai, rigima kawai ka bar masa. Inda wasiyya take da babban amfani shi ne jikokin da mahaifinsu ya rasu kafin kai. Muddin kana da ɗa namiji a raye, waɗannan yaran ba su da kaso a gadonka, ko da ubansu ne ya fi kowa zuba gumi a gandun. Na ga marayu irin waɗannan an fitar da su daga gonar da aka haife su a bakinta, kuma babu wanda ya karya doka. Kakansu ne kawai bai yi magana ba. Sulusin nan yana iya rufa musu asiri.

Idan kuma kyauta kake son yi, yi ta kana da lafiya, kuma wanda ka ba ya karɓa ya shiga ya noma da sunansa, a gaban shaidu. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, kyautar da ba a karɓa ba har mai bayarwa ya kwanta ciwon ajali ko ya rasu, ta koma cikin gado. Sannan a ji tsoron Allah a daidaita tsakanin 'ya'ya. Labarin sahabin da ya ba ɗansa guda kyauta ya nemi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi shaida, aka tambaye shi ko ya ba sauran, sananne ne ga duk wanda ya zauna gaban malami. Kyautar da aka yi don a hana 'ya'yan wani ɗaki ba shiri ba ce, wuta ce aka binne a toka.

Akwai mutum ɗaya da nake tausayi a kowane gida: ɗan da ya zauna. 'Yan'uwansa sun tafi karatu ko kasuwanci, shi ya tsaya a gandu, ya kai taki da jaki, ya haƙa rijiya a fadama, ya sayi injin ban ruwa da kuɗin albasarsa. Ranar rabo kasonsa daidai yake da na wanda bai san inda iyakar gonar take ba, kuma haka shari'a ta ce. Maganin abin yana hannun uba tun yanzu: a bayyana cewa injin nasa ne, shanun huɗan nan guda nasa ne, ko a yanka masa ladan aikinsa duk shekara kowa ya sani. In ba haka ba, yaron da ya ga abin da ya faru da maƙwabcinsa ba zai dasa ko bishiya ɗaya a gonar da bai san makomarta ba. Ni a wurina wannan ita ce babbar asarar, domin ƙasar da ba a san mai ita ba, ba mai zuba mata taki.

Sai batun takarda ta hukuma. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, ƙaramar hukuma kuma ita ke ba da shaidar mallaka ta gargajiya a kan gonakin karkara. Yawancin manomanmu ba su da ko ɗaya, shaidarsu ita ce mai unguwa da dagaci da maƙwabtan gona. Wannan shaida tana aiki, amma tsofaffin da suka san iyaka suna ƙarewa, gari kuma yana matsowa. Duk wanda yake da gona a kewayen Kano ko Zariya ko Katsina ya ga yadda gonar gero ke zama fuloti cikin 'yan shekaru, kuma ranar da ƙasa ta yi kuɗi ne dangin da ba a taɓa gani ba suke bayyana. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da tsarin da ya kamata su yi amfani da shi: tun dokar karkara ta 1993 aka kafa kwamitocin ƙasa, ana ce musu Kofo, har zuwa matakin ƙauye, suna ba da takardar shaidar gado da ta saye da ta kyauta da ta aro da ta jingina. A Nijeriya ko ba ka kai ga takardar ƙaramar hukuma ba, wayar hannu ta yau tana auna gona. Malamin gona na yankinku zai iya zagaya iyaka da ita ya ba ka girman wurin, a rubuta maƙwabta na gabas da yamma da kudu da arewa, mai unguwa da shaidu biyu su sa hannu. A yi kofi uku, kada duka su kwana a akwati ɗaya inda gara za ta gama da su.

Idan kuma rasuwar ta riga ta faru, kada a bar rabo ya kwana shekaru. Ana jinkirtawa idan akwai mai ciki a cikin matan har ta haihu, ana kuma iya jira a girbe abin da ke gona. Bayan wannan, duk shekarar da aka ƙara, sai wani magajin ya rasu a kan gadon da ba a raba ba, nasa magadan su shigo, lissafin da malami zai yi a zama ɗaya ya koma shari'ar da za a yi ta sawu a kotu ana sayar da akuya don kuɗin mota. Kason marayu ƙanana kuma a damƙa shi ga amintacce da sanin alƙali, a rubuta abin da gonarsu ke bayarwa duk shekara har su girma.

Lokacin wannan zama shi ne bayan an gama girbi, rumbu ya cika, 'yan ci-rani ba su tafi ba tukuna. A kira 'ya'ya mata daga gidajen mazansu, a kira malamin da ya san fara'il, wato ilimin rabon gado, a shimfiɗa tabarma a zaure. In kuna son awo, ku gaya mini ranar kasuwa in zo da wayata, sai dai a sa yaro ya sassabe iyakar kafin in iso.